Guntun Hannu a Kilomita Goma Sha Huɗu

Duk wanda ya taɓa bin titin da ya tashi daga Santa Rita del Pozo ya nufi bakin iyaka ya ga aikin Don Evaristo Buelna, ko da bai san mai shi ba. Gicciyen ƙarfen nan da ke tsaye a gefen hanya, inda mota ta kife da wani ko inda aka harbe wani, kusan duk daga rumfarsa suka fito. Mai walda ne. Shekara talatin da ɗoriya yana sana'ar a bayan gidansa, yana haɗa ƙofofi da tagogi, yana gyara wa masu shanu tirela. Amma da gicciye aka fi saninsa.

A wani ƙauyen makiyaya aka haife shi, ubansa mai sa wa dawaki takalmin ƙarfe ne. Yana ɗan shekara goma sha tara ya bi sa'o'insa zuwa Tsallake, wato Amurka, ya yi shekara uku a wani garejin Arizona, a can ya koyi walda. Da ya dawo aka tambaye shi abin da ya koro shi, ya ce gurasarsu kamar kwali take a baki. Sai ya auri Herlinda, wadda duk garin nan ba mai murza gurasar alkama mai faɗi da laushi irin tata, ya zauna. 'Ya'yansu uku. Maza biyu sun bi sawun ubansu zuwa Tsallake, su kam ba su dawo ba. Autar, Idalia, ita ta tsaya, ta zama malamar firamare.

Mutumin nan yana da tsantseni da aiki har ya kai ga ban haushi. In ya gama walda ba zai ba ka kayanka ba sai ya sa injin gurza ya bi wurin, ya bi da magagari, sannan ya shafa da babban yatsansa ido a rufe. In yatsan ya ji ko ɗan tudu kamar ƙwayar gero, to ka koma gida ka dawo gobe. An sha faɗa da shi a kan haka. Herlinda ma takan leƙo daga madafa ta ce, "Tsoho, ka ba mutane gicciyensu mana! Mamacin ne zai tashi ya shafa?"

"Ni zan shafa, tsohuwa," in ji shi, ya ci gaba da gurzarsa.

Abu na biyu da aka san shi da shi, ba ya taɓa gicciyen da aka riga aka kafa. Wannan kuwa ba shi kaɗai ba ne, haka muka tashi muka tarar. Inda rai ya fita, nan ake kafa gicciye, nan kuma yake zama, don mai shi ya san inda yake kada ya yi ta gararamba. Mai wucewa ya ɗora ɗan dutse a gindi ya yi addu'a ya wuce. Shekarar da aka zo faɗaɗa titi, shugaban leburorin kamfanin da ke aikin ya same shi ya ce ya yanke guda goma sha ɗaya ya matsar da su baya kaɗan, taku biyar kawai. Don Evaristo ya ba shi kofi, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ai ba taku biyar baya suka mutu ba." Kamfanin ya nemi wani a garin, ba wanda ya yarda. Shi ya sa har yau in ka lura gefen titin ya ɗan tanƙware a wurin.

A watan Afrilun 2010, ranar wata Talata da safe, Idalia ta hau a-kori-kurar wani abokin aikinta za su makarantar ƙauyen da take koyarwa. A kilomita goma sha huɗu suka faɗa tsakiyar ƙungiyoyi biyu na masu safarar ƙwaya da suka yi kiciɓis da juna. Ba da ita ake ba, harsashi ne dai ya ratsa ƙofar motar. Shekararta ashirin da shida. Ɗaya daga cikin maharban ma ya mutu a wurin, daidai gefen da take, bindigarsa a yashe kusa da shi, irin wadda muke kira ƙahon akuya. 'Yan sanda suka kwashe gawarwaki, suka kwashe bindigar, shi ke nan.

Wata huɗu gicciyen katako ne a wurin, wanda abokan aikinta suka ɗaure da waya. Don Evaristo ya kasa yin nata. Ya auna ƙarfe ya ajiye, ya yanka ya jefar. Herlinda ta yi ta haƙuri har ta gaji, wata rana ta ce masa, "Ka yi wa 'ya'yan duniya duka, taka tana can da itace biyu kamar marainiya." Ya san gaskiya ta faɗa, kuma abin yana cin ransa fiye da yadda take zato.

To, akwai wani aiki da hukuma ke kiransa lokaci-lokaci. In bindigogin da aka ƙwace suka taru, sai a shimfiɗa su a dandalin gari, a kira masu ɗaukar hoto, manya su yi jawabi, shi kuma ya zo da injinsa ya yayyanka su a gaban jama'a. Tarkacen kuma akan bar masa ya ɗebi abin da yake so, tunda ƙarfen banza ne. A watan Agusta aka sake kiransa. Yana durƙushe yana aiki sai ga Melitón Grijalva, wani dattijon ɗan sanda, wanda shi ya riƙe Idalia ranar baftismarta, don haka kompadre suke kiran juna. Ya sunkuyo kamar zai gyara igiyar takalmi.

"Kompadre, kada ka ɗago. Ka ga waccan mai jan salatif a ƙota? Ita ce. Ni na ɗauko ta da hannuna a kilomita goma sha huɗu."

Don Evaristo ya yanke ta kamar sauran, aka tafa, aka ɗauki hoto. Da aka watse ya ɗauki bututun, tare da kakkauran ƙarfen da ke gindinsa, ya jefa cikin buhunsa. Ba wanda ya ce masa don me.

Da wannan bututun ya yi hannuwan gicciyen 'yarsa. Da Herlinda ta ji, sai da ta zauna a ƙasa don kaɗuwa, ta ce ya haukace. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A na uku ta shigo rumfar, ta daɗe tana kallon ƙarfen, sannan ta ce, "Sa ta. Bindigar ta tsaya a rana tana gadin 'yata har duniya ta tashi."

A jikin kakkauran ƙarfen nan akwai rubutun Turanci da jerin lambobi da aka buga tun daga masana'anta. Kun dai san halinsa. Yatsa ya bi ya ji kwarmi-kwarmi, kuma ga shi ba ya son sunan masu ƙera abin nan a kan 'yarsa. Ya sa injin gurza, ya bi da magagari, ya shafa ido a rufe, sumul. Ya shafa farin fenti sau uku. Kai, gicciyen ya yi kyau. Duk titin ba kamarsa.

Shekara ta zagayo, sai magana ta fashe daga Tsallake. Ashe wasu jami'an can suna kallo ana shiga shagunan ƙasarsu ana sayen bindigogi goma-goma, ashirin-ashirin, sun san nan za a kawo su, suka ƙyale da gangan, wai don su bi sawu su kama manyan. Sawun ya ɓace musu. Bindigogi wajen dubu biyu suka shigo mana. Kuma da ba a kashe wani jami'insu ba aka tsinci irin bindigogin a wurin, da har yau ba mu ji ba. Namu sun daɗe suna faɗuwa a tituna, ba wanda ya ko ɗaga kai. Nasu guda ɗaya ya faɗi, majalisarsu ta ɗauki zafi, wannan jam'iyya tana cewa waccan ce, waccan tana cewa ai ku kuka fara. Namu manyan kuma suka fito a talabijin suna dafa ƙirji, wai ba su da masaniya. Don Evaristo yana jin duk wannan a rediyon rumfarsa, bai haɗa shi da kansa ba.

Melitón ne ya haɗa. A lokacin ya yi ritaya. Wata ranar Alhamis da hantsi ya zo da wata mata mai tabarau da jakar takardu, ya ce sunanta Lauya Noemí Tapia, daga babban birnin jiha. Tana bin iyalan waɗanda aka kashe, tana neman waɗanda za a iya nuna cewa da bindigogin nan aka kashe nasu, don a tilasta wa gwamnatocin biyu su amsa. Jerin lambobin bindigogin duka yana hannunta. Ta je ofishin da takardun Idalia suke, ta tarar an rubuta cewa an lalata bindigar, gurbin lamba kuma fari fat.

Herlinda ta kawo kofi da gurasa. Lauya ta ce, "Don Evaristo, an ce ƙarfen yana wurinka. Lambar kawai nake so in gani."

Don Evaristo ya ajiye kofinsa. Melitón ya dube shi, ya sake dubansa, sai ya dafe kai. "A'a. Kompadre, kada ka ce mini."

"Na goge."

"Ka goge! Duk garin nan a rasa wanda zan ba sai mai lashe ƙarfe! Ni ma dai da laifina, wallahi. Na san ka, na san yatsan nan naka."

"To me ya hana ka rubuta, kai da kake ɗan sanda mai biro a aljihu?"

"Biron ado ne, kowa ya sani."

Ba wanda ya yi dariya sai Herlinda, ita ma guntuwa. Don Evaristo kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara talatin yana alfahari da sumul ɗin aikinsa, yau ga shi da hannunsa ya share wa masu laifi sawu, ya kuma bi da fenti sau uku.

Lauya ta ce ba a yanke ƙauna ba tukuna. Akwai wani malami a jami'a da ke iya taso da lambar da aka goge, da ruwan asid, don in an buga lamba a ƙarfe, bugun yana shiga ciki fiye da inda ido ke gani. Don Evaristo ya gyaɗa kai, wannan kam hannunsa ya sani tun kafin a faɗa masa. Sai dai aikin kwanaki ne a ɗakin gwaji, kuma malamin ba zai zo ya tsaya a bakin wannan titi da kayan aiki ba, yana da iyali. Dole a kai masa ƙarfen.

Herlinda ta kwashe kofunan tun ba a gama sha ba. "Lauya, mun gode da zuwa. A gai da gida."

Sati biyu ana abu ɗaya a gidan. Herlinda ta ce, "Kai da ka ƙi taɓa na baƙi goma sha ɗaya, na 'yarka za ka tumɓuke?"

"Ba tumɓukewa zan yi ba. Gefen hannu ɗaya kawai, inda lambar take."

"Au, hannu za ka yanke mata. To madalla."

"Tsohuwa, ki saurare ni."

"Za su dawo mini da ita? Ka ce za su dawo da ita, yanzu in ɗauko maka zarto da kaina."

Shi ma yana tsoron abin da take tsoro, kada ku ɗauka ba ya yi. Ya yi imani Idalia tana wurin, kuma in aka girgiza mata alama za ta iya ɓacewa. Amma akwai abin da ya hana shi sakat. A takardar hukuma an rubuta cewa ta mutu ne a rikicin 'yan ƙwaya, kamar ruwan sama ne ya faɗo mata, ba laifin kowa. Shi so yake wani mai kujera, ko a nan ko a Tsallake, ya buɗe baki ya kira sunanta, ya ce bindigar nan mu muka bar ta ta wuce. Ba ya neman komai bayan wannan. Wata rana suna cin abincin rana ya faɗa mata haka, yana share ido, shi da ba a taɓa ganin hawayensa ba ko ranar jana'iza. Ya ƙara da cewa, "Ni na goge, Herlinda. In na bar shi haka, na taya su."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari da safe ya fito ya tarar da ita a cikin mota, da gyalenta na zuwa coci, zarton ƙarfe a kan cinyarta.

"Ban da wuta," ta ce. "Kada ka ƙona mata fenti. Kuma ni zan riƙe."

Haka aka yi. Melitón ya tsaya yana duban hanya, Lauya tana ɗaukar hoto. Herlinda ta durƙusa a kan duwatsun da masu wucewa suka tara, ta rungume sandar gicciyen da hannu biyu don kada gindin ya motsa, tana magana ƙasa-ƙasa. "Idalia, mu ne. Ba inda za a kai ki. Ki zauna inda kike, uwata, Babanki ne zai ɗan ari wani abu." Ƙarfen bindiga ba ƙarfen taga ba ne. Ya karya ruwan zarto biyu, ya yi fiye da awa guda yana ja, gumi yana ɗiga a kan hannun matarsa. Da guntun ya faɗo a tafinsa, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba.

Bayan sati uku Lauya ta bugo waya. Lambar ta fito, duka, ba ko ɗaya da ta ɓace. Kuma tana cikin jerin. An sayi bindigar a wani shago a Tsallake wata huɗu kafin mutuwar Idalia, ita da wasu goma sha tara, a rana ɗaya, mutum ɗaya, jami'ai suna zaune a mota a waje suna kallo. Don Evaristo ya sa ta karanta masa lambar sau biyu, ya rubuta da alli a jikin ƙofar rumfa. Ranar Herlinda ta yanka kaza.

Lauya ta haɗa takardu, da hotuna, da rahoton malamin, da guntun ƙarfen, da rantsuwar Melitón, wanda ya sa hannu duk da an ja masa kunne cewa fanshonsa na iya samun matsala. Aka miƙa, aka zauna jira. Wata bakwai.

Amsar Tsallake ta fara zuwa, layi huɗu. Sun ce abin ya faru ne a wata ƙasa, kotunansu ba su da hurumi, amma suna jajanta wa iyalin. Ba su rubuta sunan kowa ba. Tamu ta fi tsawo, shafi uku, da tambari. Ta ce takardun hukuma sun nuna an lalata bindigar a bainar jama'a, don haka a hukumance babu ita. Ta ce guntun da aka kawo ya fita daga hannun hukuma fiye da shekara, ba za a iya tabbatar da cewa daga waccan bindigar yake ba. Ta ce shaidar Melitón ba ta karɓuwa, tunda uban baftismar marigayiyar ne, yana da alaƙa da iyalin. A ƙarshe ta tunatar da Evaristo Buelna cewa ɗaukar sassan makami daga wurin lalatawa laifi ne, amma hukuma ta yi masa afuwa saboda halin da yake ciki. Guntun kuma an riƙe shi don ci gaba da bincike.

Melitón ya ce, "Ka ji, kompadre, sun yafe maka. Sai ka rubuta musu godiya."

Lauya ta nemi guntun sau uku. A na uku aka ce mata ba a gan shi ba.

Kowa ya ɗauka Don Evaristo zai je ya cika hannun gicciyen. Aikin rabin awa ne a wurinsa, ya samo bututu daidai kauri, ya haɗa, ya gurza, ko shi kansa ba zai gane wurin ba. Melitón har ya kawo masa ƙarfen. Ya karɓa ya jefa cikin tarkace.

Ranar biyu ga Nuwamba, ranar da kowa ke zuwa gyara wa mamatansa wuri, ya ɗauki fenti da guduma da ƙarafan buga lamba, suka tafi shi da Herlinda. Ta sake riƙe masa sandar. A jikin allon ƙarfen da ke ɗauke da sunan Idalia, a ƙarƙashin ranar mutuwarta, ya buga lambar bindigar ɗaya bayan ɗaya, kowace da bugu mai nauyi, har bakin ƙarfen ya tashi. Ya mayar da guduma cikin jaka, ya ɗauko fenti. Magagarin yana cikin jakar, bai taɓa shi ba.

Herlinda ta bi lambobin da babban yatsanta, ta kai kan guntun hannun inda zarto ya bar haƙora, ta janye da sauri ta sa yatsan a baki.

"Tsoho, ka bar kaifi."

"Na sani."

Yanzu shekarunsa sun haura saba'in, idonsa ya yi rauni, ya rage karɓar aikin ƙofa da taga. Gicciye kam yana yi, ba a daina buƙata ba, kuma har yau ba ya sakin ko ɗaya sai yatsa ya yarda. Duk wanda ya zo yi wa wanda aka harbe, yakan tambaye shi ko an tsinci bindiga, in an tsinta ya je ya kwafo lambar tun kafin ta shiga ofis. Na kilomita goma sha huɗu yana nan, hannun hagu ya fi na dama gajarta. Kwanaki wani direban babbar mota, baƙo, ya tsaya ya ɗora dutse, ya tarar da tsohon yana shafa fenti, ya ce, "Baba, wane maƙerin banza ne ya yi wa baiwar Allah nan wannan aiki?"

Don Evaristo ya ce, "Ni ne, ubanta." Ya ci gaba da shafa fentinsa, ya zagaye bakin yankan bai taɓa shi ba, inda tsatsa ke gangarowa ja a kan farin duk lokacin da aka yi ruwa.